Idan Hoton Kyamarar Tsaro Ya Riƙa Ƙamewa, Daga Ina Za Ka Fara Dubawa?

Ƙorafin masu kyamarar tsaro a gida ko a shago kusan iri ɗaya ne. Mutum ya buɗe wayarsa don ya ga ƙofar gida, hoto ya fito na ɗan lokaci, sai ya ƙame, zoben nan ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Wani lokacin ka ga mutum a bakin get, kafin ka ƙifta ido ya ɓace, sai ga shi a tsakar gida. Da yawa daga nan suke yanke hukuncin cewa jabu aka sayar musu, su koma kasuwa su sayo wata, su kafa ta inda suka cire ta farko, matsalar kuma ta dawo yadda take. Shawarata ita ce kada ka sayi komai sai ka gano inda hoton yake yankewa. Tsakanin idon kyamara da wayarka akwai zango-zango, kuma galibi ba kyamarar ce mai laifi ba.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Riƙe lokacin da hoton ya tsaya, a ce ƙarfe 8:15 na dare, sannan ka koma ka kalli abin da aka naɗa a daidai wannan lokaci. Idan kana da DVR ko NVR, wato akwatin da ke adana hotunan, kalla a talabijin ɗin da aka jona masa kai tsaye. Idan kyamara ce mai memori a cikinta, zare memorin ka sa a kwamfuta. In ka tarar naɗin yana tafiya sumul, kyamararka lafiyarta ƙalau, matsalar tana kan hanyar da ke kawo hoton zuwa wayarka. In kuwa shi ma naɗin yana da giɓi, to abin yana cikin gida: wuta, kebul, Wi-Fi ko ma'adana.

Mu fara da hanya, domin ita ta fi yawan kawo cikas. Yawancinmu da saurin sauke abu muke auna intanet: YouTube yana buɗewa, to sabis yana da kyau. Amma kyamara turawa take yi, kuma a rautar da ke aiki da sim na 4G saurin turawa yakan gaza na saukewa sosai, musamman daga magariba zuwa dare, lokacin da unguwa duka take kan turken sadarwa ɗaya. Kyamara ɗaya mai hoton 1080p tana buƙatar kimanin megabit 2 zuwa 4 a daƙiƙa. Ka buɗe guda huɗu a lokaci ɗaya, ka ninka wannan sau huɗu. Haɗa wayarka da rautar gidan, buɗe Speedtest, ka duba lamba ta biyu, mai kibiya da ke kallon sama. Idan ba ta kai abin da kyamarorin ke nema ba, ka gano bakin zaren.

Maganin nan kuwa a hannunka yake. Kusan kowace kyamara hoto iri biyu take fitarwa, babba mai nauyi da ƙarami mara nauyi. A manhajoji irin su Hik-Connect, DMSS, Tapo ko V380 akwai maɓallin da ke sauya tsakaninsu, sau da yawa an rubuta HD da SD. Idan kana waje, kalli ƙaramin, wanda galibi bai kai megabit 1 ba. Wannan ba ya taɓa ingancin abin da ake naɗawa a akwati. Ranar da kake buƙatar gane fuska ko lambar mota, babban yana nan. Ga kuma sauƙin aljihu: hoto mai megabit 2 yana cinye kusan megabait 900 a awa guda. Mai barin manhaja a buɗe wuni guda zai iya ƙarar da datar gida bai ankara ba, kuma wasu tsare-tsaren data rage gudu suke yi idan an wuce iyaka. Don haka duba ragowar datar rauta kafin ka hau tsani.

Idan kana iya shiga saitin kyamarar, rage yawan hoton da take ɗauka a daƙiƙa daga 25 zuwa 15. Don gadin ƙofa hakan ya wadatar. Sauya tsarin matse hoto daga H.264 zuwa H.265 ma yana rage nauyi, wani lokacin kusan da rabi, sai dai tsofaffin akwatuna da wayoyi ba duka suke iya buɗe shi ba. Ka gwada, in abin ya ƙara dagulewa ka mayar.

Sai batun Wi-Fi, wanda gine-ginenmu ba sa yi masa adalci. Bangon bulo da siminti, dakin mai rodi, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa, duk suna cinye sigina. Rauta tana falo bayan talabijin, kyamara tana can saman get, tsakaninsu bango uku da katanga: me za ta kama? Sauko da kyamarar ka ajiye ta kusa da rauta na wuni guda. In ta daina ƙamewa, nisa ne da bango. Matsar da rautar zuwa wuri mai tsayi kuma a sarari, ko ka sa na'urar ƙara sigina a tsakiyar hanya, ba a gindin kyamarar ba inda siginar ta riga ta mutu. Ka kuma sani cewa yawancin ƙananan kyamarori zangon 2.4 GHz kaɗai suke kamawa. Ya fi 5 GHz ratsa bango, amma ya fi cunkoso, domin rautocin maƙwabta ma a kansa suke. A saitin rauta gwada tasha ta 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna. Wayoyin gida da talabijin kuma ka mayar da su kan 5 GHz in rautar tana da shi, ka bar wa kyamara fili.

Ni dai a ganina, kyamarar da ke gadin ƙofar gida ko wurin ajiyar kaya ba ta cancanci a bar ta kan Wi-Fi ba matuƙar za a iya ja mata kebul. Kebul ɗin intanet, Cat5e ko Cat6, yana kai mita 100, kuma a tsarin PoE shi ɗaya yake ɗauke da hoto da wuta. Amma a kula wajen saye. Akwai mai araha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Feƙe zare ɗaya ka kankare shi da reza: in ya yi fari a ciki, bar shi a shagon. Irin wannan yana zubar da ƙarfin wuta a hanya, yana kuma karyewa a wurin lanƙwasa.

Lokacin da matsalar ke zuwa shi ma yana ba da labari. Kyamarar da ke aiki lafiya da rana, amma da duhu ya shiga ta fara ɗaukewa tana dawowa, wutarta za ka tuhuma. Da dare ne ƙananan fitilun ganin duhu da ke kewaye da idonta suke kunnuwa, sai jan wutarta ya ƙaru. Adaftar bolt 12 da ta tsufa, ko guda ɗaya da aka rataya wa kyamara uku, ko siririn kebul mai tsawo, za su iya riƙe ta da rana su kasa da dare. Kana iya gwada wannan da tsakar rana: rufe fuskar kyamarar da tafin hannu har ka ji ɗan ƙas a cikinta, alamar ta koma yanayin dare. Idan a daidai nan hoton ya ɗauke, sauya adafta da mai bolt iri ɗaya, wadda ampiyarta ta kai ko ta fi ta da. Kada ka ƙara bolt, za ka ƙona ta.

Wutar NEPA ma da nata rabon. Duk sa'ad da aka ɗauke ko aka juya zuwa janareta, rauta da akwati sai sun sake tashi, abin da kan ci minti ɗaya ko biyu, a lokacin da gida yake cikin duhu kuma aka fi buƙatar kyamarar. Ƙaramin UPS, ko ɗora su a layin inbata, yana rufe wannan giɓi. Ka haɗa har da rautar, ba kyamarori kaɗai ba.

Akwai al'adar ɓoye DVR a cikin silin don kada ɓarawo ya tafi da shi. Dabara ce, amma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, ƙarƙashin kwano tanda ne. Akwatin da ya yi zafi yakan daskare ko ya kashe kansa ya sake tashi. Nema masa maɓoya mai iska, kuma bayan hunturu a buɗe shi a share ƙurar da ta toshe fankarsa. Da damina kuma duba mahaɗar kebul da ke waje. In ka ga tsatsa ko kore-kore, ruwa ya shiga, a yanke a sake ɗaurawa cikin akwatin roba mai murfi.

Ma'adana kan gaji, domin dare da rana ake rubutu a kanta. Zare memorin ka kunna kyamarar babu shi. In hoto ya daidaita, sayi irin wanda aka yi don naɗi na dindindin, a wurin wanda ka yarda da shi, saboda jabun memori sun cika kasuwa. A akwati kuwa, faifai irin su WD Purple da Seagate SkyHawk don wannan aiki aka ƙera su, sun fi tsohon faifan kwamfuta juriya.

Sabunta manhajar waya da ta cikin kyamara yana warware wasu matsalolin, amma kada ka fara sabunta ta cikin kyamara sai kana da tabbacin wuta ba za ta ɗauke ba, don yankewa a tsakiya na iya kashe ta gaba ɗaya. Sannan ka duba mutum nawa ke da damar kallo. Kowane mai kallo daga waje yana cin nasa kaso na saurin turawa, kuma in kalmar sirrin da wanda ya kafa kyamarar ya sa ce har yanzu, tsakar gidanka da iyalinka suna buɗe ga wanda ba ka sani ba. Sauya ta yau, ka cire duk asusun da ba ka gane ba. In duk wannan bai yi ba, kira mai gyara, ka faɗa masa lokacin da hoton ke tsayawa, ko naɗin yana da giɓi, da lambar da gwajin sauri ya nuna, ka kuma nemi ya zo da adafta da kebul na gwaji.