TUWON GIRMA MIYARSA NAMA: BAHAUSHE DA GWAJIN CIMAKAR TSIRRAI ZALLA

1.0 GABATARWA

A wannan zamani akan ji labarin mutanen da suka ƙaurace wa nama da gangan, suka koma cin abin da ƙasa ta tsirar kurum. Wannan ɗabi'a ta fara ɓulla a tsakanin wasu 'yan boko da mazauna birane na ƙasar Hausa, wasu bisa shawarar likita, wasu kuwa saboda abin da suka karanta. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba abin da Bahaushe zai tarar idan ya gwada irin wannan cimaka karo na farko. Za a nuna cewa tukunyar Bahaushe ta daɗe da tanadar masa mafi yawan abin da yake bukata, kuma babbar wahalar da ke gabansa tana cikin matsayin da al'ada ta ba nama. Sai dai akwai giɓi guda ɗaya ta fuskar lafiya wanda bai kamata a yi wasa da shi ba.

2.0 MA'ANA DA ASALI

Masu ƙaurace wa nama iri biyu ne. Akwai waɗanda suka bar nama da kifi amma suna shan nono, wasunsu har suna cin ƙwai. Akwai kuma waɗanda suka bar duk abin da ya fito daga jikin dabba, watau har da nono da man shanu da ƙwai, wasu ma har da zuma. Cimakar wannan kashi na biyu ita ake nufi da cimakar tsirrai zalla.

Ɗabi'ar ba baƙuwa ba ce a duniya. A ƙasar Indiya mabiya addinin Jain da Hindu masu yawa sun daɗe ba sa cin nama, saboda aƙidarsu ta gudun cutar da mai rai. A Habasha kuwa, Kiristocin cocin Otodoks sukan bar nama da nono da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a, da kuma cikin babban azuminsu na kwana 55. A tarihin adabin Larabci ma an san makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham, Abul Ala'i al-Ma'arri, wanda ya rasu a shekarar 1057, ya bar nama da nono da ƙwai da zuma, har wani babban malamin daular Faɗimiyya ya yi musayar wasiƙu da shi yana tuhumarsa a kan dalili. A Ingila an kafa ƙungiyar masu barin nama a 1847, sa'an nan a 1944 Donald Watson da abokansa suka kafa ta masu cin tsirrai zalla. A 2014 kuma aka fara wani gangami a can na kiran mutane su gwada wannan cimaka tsawon watan Janairu.

Daga nan za a fahimci cewa kowace al'umma da dalilinta: wasu ibada, wasu tausayin dabba, wasu neman lafiya. Wannan dalili na ƙarshe ya ƙara ƙarfi a 2015, lokacin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa a jerin abubuwan da ke haddasa ciwon daji, ta kuma ce mai yiwuwa ne jan nama ma yana haddasa shi.

3.0 TSIRRAI A TUKUNYAR BAHAUSHE

Idan aka dubi abincin yau da kullum na Bahaushe, musamman na karkara, za a ga kusan dukkansa daga gona yake. Tuwon dawa ne ko na gero ko masara ko shinkafa, da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi ko taushe. Abin da ke ba miyar armashi shi ne daddawa, wadda ake yi da ƙalwar ɗorawa. Da safe ga koko da ƙosai, da rana ga ɗanwake ko alala ko fate ko garau-garau. Ga kuma kwaɗon zogale da na rama da na tafasa, waɗanda ake haɗawa da garin ƙuli-ƙuli. Awara, wadda ake yi da waken suya, ba tsohon abincin Hausawa ba ce, domin asalin irinta daga ƙasar Sin yake, amma ta sami karɓuwa a kasuwanni da ƙofofin makarantu.

Abin lura a nan shi ne hikimar da ke cikin waɗannan haɗe-haɗe. Masana abinci sun gano cewa furotin, watau sinadarin gina jiki, da ke cikin hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare mai suna laisin, wanda yake da yawa a cikin wake. Shi kuma wake yana da ƙarancin wani ɓangaren da hatsi ke da shi. Saboda haka idan aka haɗa su, kowanne sai ya cike wa ɗan'uwansa. Koko da ƙosai, da shinkafa da wake, duk misalai ne na wannan haɗi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne, haka ma gyaɗa, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Bugu da ƙari, Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman wake. Ke nan Bahaushen da ya so gwada wannan cimaka ba ya bukatar kayan kanti na ƙasashen waje.

4.0 MATSAYIN NAMA A AL'ADA

Duk da haka, ba da wake ake karrama mutum ba. Karin maganar da aka ɗauko kan wannan maƙala daga gare ta, watau "tuwon girma miyarsa nama", ta taƙaita al'amarin. Nama shi ne ma'aunin girma da wadata. Baƙo na musamman akan yanka masa kaza. Ranar suna akan yanka rago. Maijego akan dafa mata ƙauri don ta murmure. Da Babbar Salla akan yi layya, waɗanda ba su da hali kuma sukan haɗa kuɗi su yi watanda. Harshen kansa ya nuna wannan daraja ta yawan sunayen da ya ba nama bisa yadda aka sarrafa shi: tsire, balangu, kilishi, dambu, farfesu, ragadada. Miyar da ba ta sami nama ba kuwa, sau da yawa akan kira ta lami, kalmar da ke nufin rashin ɗanɗano.

Ganye shi kuma yana ɗauke da tabon wahala. Tsofaffin da suka ga farin 1973 suna tuna yadda tafasa da sauran ganyayen daji suka riƙe gidaje da yawa. A idon irin waɗannan mutane, rashin nama rashi ne, ba wanda zai zaɓe shi yana da hali. Wannan shi ya sa mai barin nama da gangan yakan zama abin mamaki, wani lokaci ma abin zargi.

Alal misali, a ɗauka wani saurayi ya fara wannan gwaji, sai ya kai ziyara gidan gwaggonsa a ƙauye. Ta yanka masa kazar da ta daɗe tana kiwo, ta kawo masa, shi kuwa ya ci tuwo ya bar naman. Abin da zai fara ji shi ne, "Ɗan nan, lafiya kuwa? Ko wani laifi muka yi maka?" A wurinta ba kaza ya ƙi ba, karramawarta ya mayar. Da ya aika mata tun kafin ya zo cewa yana marmarin kwaɗon zogalenta ne, da ta sami abin da za ta karrama shi da shi, kazarta kuma ta tsira.

5.0 TA FUSKAR ADDINI

Musulunci bai wajabta wa kowa cin nama ba, amma ya hana mutum ya haramta abin da Allah ya halatta. Don haka niyya ce ke rarrabewa. Wanda ya bar nama saboda lafiya ko don ransa ba ya so, bai yi laifi ba. Wanda kuwa ya ɗauki yanka dabba zalunci ne ko cin nama ƙazanta ne, ya shiga wani hurumi mai hatsari. A mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai iko, cin wani abu daga namanta kuwa mustahabbi ne. Ashe ke nan mai wannan gwaji yana iya yin layyarsa, ya ciyar da iyali, ya yi sadaka.

6.0 ABUBUWAN KIYAYEWA

Na farko kuma mafi muhimmanci shi ne bitamin B12. Jiki na bukatarsa wajen yin jini da kiyaye jijiyoyi, kuma ba a samunsa yadda za a dogara da shi a cikin tsirrai. Abin da babba ke bukata a rana kaɗan ne ƙwarai, kimanin maikurogiram 2.4, amma rashinsa yakan jawo ƙarancin jini da kasala da jin ɗinɗiris a hannu da ƙafa. Hatsarin shi ne hanta takan ajiye shi har na shekaru, saboda haka mutum yakan daɗe yana ganin lafiya lau yake kafin alamu su bayyana. A nan ne darajar fura da nono take fitowa, domin nono yana ɗauke da wannan bitamin. Wanda ya bar nama ya riƙe nono da ƙwai yana da sauƙi. Wanda ya bar su duka kuwa, lalle ne ya riƙa shan ƙwayar bitamin ɗin.

Na biyu shi ne sinadarin ƙarfe. Akwai shi a wake da ganyaye, sai dai jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama. Cin tumatir ko lemo ko garin 'ya'yan kuka tare da abinci yakan taimaka, shan shayi nan take a kan abinci kuwa yakan rage abin da jiki zai samu.

Na uku, barin nama kaɗai ba ya mai da abinci mai lafiya. Wanda ya musanya tsire da soyayyar awara da ƙosai safe da yamma, ya bi da lemon kwalba, bai tsinana wa jikinsa kome ba.

Na huɗu, ya fi kyau a fara sannu a hankali, kamar kwana biyu ko uku a mako, domin ƙara wake farat ɗaya yakan kumbura ciki. Jiƙa wake da zubar da ruwan kafin dahuwa yana rage wannan. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kuwa, bai kamata su shiga wannan gwaji ba sai da shawarar likita.

7.0 KAMMALAWA

An ga yadda cimakar Bahaushe ta ginu a kan hatsi da wake da ganye, alhali girmamawarsa ta ginu a kan nama. Mai gwada cimakar tsirrai karo na farko zai sami na ci a gidansu ba tare da wahala ba. Abin da ya rage masa shi ne ya tanadi bitamin B12, ya gyara niyyarsa, ya kuma koyi yadda zai ce a'a ga akushin da aka miƙo masa ba tare da ya ɓata zumunci ba. Ga ɗaliban Hausa kuwa, akwai fili a buɗe na tattara sunayen ganyayen ci da hanyoyin sarrafa su daga bakin tsofaffin mata, tun kafin su tafi da saninsu.