Famfon Ruwa da Murfin Taimin: Darasi Daga Tsohon Injin Ford

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen kanikanci, yau ina so mu leƙa gaban inji, inda famfon ruwa yake zaune a kan murfin taimin. Na ɗauki injin Ford 289 da ƙanensa 302, masu silinda takwas, irin na Mustang ta Amurka, saboda a jikinsa ake ganin yadda abu biyun nan suke tafiya tare.

Murfin na alminiyam ne. Shi ke rufe sarƙar taimin, kuma ta cikinsa ruwa ke bi daga famfo zuwa bulok. Ke nan tsakanin ruwa da baƙin mai babu komai sai bangon murfin da gasket. In ramukan ruwan suka cinye, ruwa ya gangara kwanon mai, mai ya koma kamar kunu, biyarin ya tafi. Shi ya sa nake cewa duk wanda zai sa sabon famfo ya cire murfin ya duba. A nan gida ma, zuba ruwan famfo zalla a lagireto maimakon kulan shi ke cinye alminiyam.

Kafin ka sayi kaya, duba abu uku.

Na farko, juyin famfo. Tsofaffin injina masu fambel suna juya famfo yadda karanshaf ke juyawa. Na baya masu bel guda mai zagaye duk fuli, da yawansu ta bayan bel ake jan famfon, sai ya juya saɓanin haka. Ka sa wanda ba nasa ba, zai yi ta juyi amma ruwa ba zai zagaya yadda ya kamata ba, inji ya ɗau zafi.

Na biyu, bakin tiyon ƙasa. Har 1969 yana gefen fasinja, daga 1970 ya koma gefen direba. Lagiretonka zai gaya maka wanda kake buƙata.

Na uku, murfin kansa. Na da yana da ramin famfon fetur da na sandar gwajin mai. Wasu sababbin ba su da su.

Wajen aiki, zubar da ruwa da mai, cire fuli da damfa. Jera kusoshi a jikin kwali yadda ka ciro su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Toshe bakin kwanon mai da tsumma kafin ka kankare tsohon gasket. Tunda ka buɗe, taɓa sarƙa. In ta saki, ko ka tarar da giya mai haƙoran roba, canja su, ka daidaita alamomin giyoyin biyu.

Ga inda aka fi tuntuɓe: kada ka ɗaure murfi tukuna. Sa sabon sil, shafa masa mai, ɗora murfin sakwa-sakwa, zura damfa ta tsayar da shi a tsakiya, sannan ka ɗaure. Kusoshin da ke ratsa hanyar ruwa a shafa musu gam. A ɗaure da sifana mai awo, don alminiyam ba ya son ƙarfin tuwo.

Ka zuba sabon mai da kulan, ka tayar, ka bari ya ɗau ɗumi. Sai ka zaro sandar mai ka duba launinsa kafin ka ce aiki ya ƙare.