Nasiha Ga Malamai Kan Shaidar Ɗalibai

Ya ku malaman sakandare na Tudun Wada, idan lokacin rajistar JAMB ya gabato, ɗalibi ya zo neman shawara, ku sani shaidarku amana ce wadda za a tambaye ku a kanta. Ku buɗe littafin makinsa na shekara uku, ku dubi inda hazaƙarsa ta tabbata, domin yaron da alƙalaminsa ya goge a Adabi da Turanci, alhali lissafi na wahalshe shi, ya fi cancanta da Tsangayar Shari'a da ke harabar jami'a ta Kongo bisa ga karatun injiniya a harabarta ta Samaru. Ku bayyana wa mahaifinsa haka cikin ladabi, ko da ya saɓa wa burinsa. Kada kunya ta sa ku jingina wa yaro baiwar da Allah bai hore masa ba.