Ƙiba, gado da sankarar hanji: a yi hattara da asfirin

Wata ƙibar gado ce. A 2007 masana a Ingila suka gano cewa ƙwayar halittar FTO na ƙara wa wasu mutane nauyin jiki. Amma gadon ba ya hana abinci da motsa jiki yin tasiri, kuma ƙiba na ƙara haɗarin sankarar hanji.

Binciken CAPP2 da Farfesa John Burn na Jami'ar Newcastle ya jagoranta ya nuna a 2011 cewa asfirin na rage wannan sankara ga masu larurar gado ta Lynch. Kada wannan ya sa ka ruga kemis. Asfirin na fama gyambon ciki, yana jawo zubar jini, sai da umarnin likita.

Idan ka ga jini a bayan gida, kada ka ce basir ne ka nufi mai saiwa. Je Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko Babban Asibitin Argungu, ka gaya wa likita idan sankarar hanji ta taɓa kama mahaifi ko ɗan'uwa.

Don kauce wa ƙiba, rage malmalar tuwon shinkafa, tsire da lemon kwalba. Yawaita wake, zogale da gasasshen kifi, ka riƙa takawa da ƙafa kullum.