Yadda Ake Neman Zaman Masu Yaƙi da Jarabar Giya

Mashayin giya a garuruwanmu kaya biyu yake ɗauke da su: jarabar kanta, da wahalar ɓoye ta. Yakan tsaya a bakin zaure ya tauna kanumfari kafin ya yi sallama, ya wuce ɗaki ba tare da ya haɗa ido da kowa ba. Wannan ɓoyon shi ke ciyar da ciwon. Shi ya sa nake ganin zama da waɗanda suka sha irin wannan wuya suka fita yana da amfanin da faɗa da gori ba su da shi. Ga hanyar samun su.

Ka fara da asibiti, kafin komai. Idan ka daɗe kana sha kullum, har hannunka na rawa da safe sai ka kurɓa, kada ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da barasa yakan yi bore: gumi, amai, jijjiga, wani lokaci har da gane-gane da ruɗewa bayan kwana 2 zuwa 3, kuma hakan na iya kisa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano, duk suna duba masu shaye-shaye. Na san sunan wurin kaɗai yana tsorata mutane, amma zuwa can ba ya nufin ka haukace.

Idan ka ga likita ko jami'in ba da shawara, ka tambaye shi kai tsaye: “Akwai zaman da masu neman dainawa ke yi a nan ko a kusa?” Irin wannan zama ba a kafa masa allo a bakin titi, daga baki zuwa baki ake jin labarinsa, kuma ma'aikatan asibitin su suka fi kowa sani. Hukumar NDLEA ma tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi.

Sai waya. Ƙungiyar da ta fi shahara ita ce Alcoholics Anonymous, ko AA, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a Akron ta Amurka a 1935, su biyun duk giya ta wahalar da su. Ka rubuta sunanta da sunan garinku a intanet. An fi samun zaman ido da ido a manyan birane irin su Legas da Akara, amma akwai na Zoom dare da rana, yawanci da Turanci ko Faransanci, kuma kana iya shiga ka rufe kyamara ka saurara kawai. Wanda yake son zaman da aka gina a kan Musulunci ya nemi Millati Islami, wadda aka fara a Baltimore a 1989. Akwai kuma SMART Recovery, wadda ta dogara da dabarun gyara tunani da ɗabi'a. Mata da iyaye da 'ya'yan mashayi suna da tasu, Al-Anon, tun 1951.

Kafin ka je, ka tambaya ko zaman buɗaɗɗe ne ko rufaffe. Na farko kowa na iya zuwa, har ɗan'uwan da zai raka ka. Na biyu na masu matsalar ne kaɗai.

Ranar farko ita ce mai nauyi. Za ka tarar da kujeru a zagaye, wataƙila da shayi a gefe. Sunanka na farko kawai za ka faɗa, ba sunan uba, ba unguwa, ba wurin aiki. In ba ka son magana, ka ce ka zo sauraro ne, ba mai matsa maka. Wani zai ba da labarin yadda ya sha kuɗin makarantar 'ya'yansa, ka ji kamar cikinka ya leƙa. Zaman kan ɗauki kamar awa ɗaya. A AA ba kuɗin rajista, sai ɗan abin da mutum ya ga dama ya jefa a kwando, sharaɗin shiga kuma guda ne: kana son dainawa. Abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin ake barinsa.

Kada ka yanke hukunci da zuwa ɗaya. Ka gwada sau biyar ko shida, in wannan bai kwanta maka ba ka nemi wani. Idan ka saba, ka zaɓi wanda ya daɗe da dainawa, namiji ga namiji, mace ga mace, ka roƙe shi ya zama madogararka, wanda za ka kira da tsakar dare idan ƙishin ya taso. In ka zame ka sha, ka koma zama na gaba ka faɗa. Yawancin waɗanda ke wurin sun taɓa zamewa.

Wuri ɗaya nake roƙon iyalai su guje masa: duk inda ake ɗaure mutum da mari ko a yi masa duka da sunan gyara. Mun ga halin da aka samu ɗaruruwan mutane a wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Idan kuwa garinku babu zama ko ɗaya, ka roƙi jami'in asibitin ya haɗa ka da mutum biyu masu irin niyyarka, ku sa rana ɗaya a mako da wurin da asirinku zai rufu, ku fara.