Fiɗar Ƙwaƙwalwa Majiyyaci na Farke: Zaɓen Maganin Barci da Haɗarin Farfaɗiya

Mai karatu zai yi mamaki idan aka ce masa ana buɗe ƙoƙon kan mutum a yanke wani sashe na ƙwaƙwalwarsa alhali yana ƙirga ɗaya zuwa goma. Abin yana yiwuwa ne domin ita kanta ƙwaƙwalwa ba ta jin zafin yanka. Fatar kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwar su ne masu ciwo, su kuwa allura ake yi musu a kashe zafin, kamar yadda ake yi wa dasashi kafin a cire haƙori.

To, me ya sa ba a sa shi barci gaba ɗaya a huta? Saboda cibiyoyin magana ba a wuri guda suke ga kowa ba. A 1989 George Ojemann da abokan aikinsa a Amurka sun nuna haka cikin majiyyata 117. Don haka likitan fiɗa kan taɓa saman ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki mara ƙarfi, majiyyaci kuma yana faɗin sunayen abubuwan da ake nuna masa a hoto. Inda harshensa ya ɗaure, nan wuƙa ba za ta taɓa ba. Wilder Penfield ne ya bunƙasa wannan dabara a birnin Montreal na Kanada, a cibiyar da ya kafa a 1934.

Sai dai lantarkin nan na iya tayar da farfaɗiya, wato ƙwayoyin jijiya su shiga harba saƙo gaba ɗaya babu tsari. Jijjiga ga mutumin da kansa ke ɗaure, ƙoƙonsa a buɗe, ba abin wasa ba ce. Numfashi na iya toshewa, kuma ruɗewar da kan biyo baya tana iya hana a ci gaba da gwajin magana.

A nan ne zaɓen magani ke da nauyi. Furofofol yana ƙarfafa aikin GABA, sinadarin da ke taka wa ƙwayoyin jijiya birki, saboda haka yana danne farfaɗiya. Amma yana danne numfashi ma, kuma dole a tsayar da shi kafin a fara gwaji don majiyyaci ya wartsake. Ke nan kariyarsa tana ja da baya daidai lokacin da aka fi bukatarta. Dekismedetomidin, wanda aka amince da shi a Amurka a 1999, ta wata hanya yake bi: yana rage fitar noradirenalin daga tushen ƙwaƙwalwa, ya kawo gyangyaɗi mai kama da barcin gaske. Da an kira sunan mutum sai ya amsa, numfashinsa kuma bai taɓu sosai ba. Aibinsa shi ne yana rage bugun zuciya, kuma ba ya danne farfaɗiya yadda furofofol ke yi.

Wannan aibi na biyu, a ganina, ya danganta ga abin da aka shiga nema. Idan ƙari ake cirewa, farfaɗiya baƙuwa ce da ba a gayyata ba. Idan kuwa fiɗar ta maganin farfaɗiya ce, likita yana so ya ga tartsatsinta a na'urar da ke auna lantarkin saman ƙwaƙwalwa, don ya gane tushen ciwon. Maganin da ya share wannan tartsatsi ya share masa sawun ɓarawo. Shi ya sa ake guje wa midazolam da danginsa kafin awon.

Idan jijjigar ta taso fa? Matakin farko ba allura ba ne. Likita kan janye lantarkin, ya kwarara ruwan gishiri mai sanyin ƙanƙara a kan wurin, dabarar da Sartorius da Berger suka bayyana a 1998. Sanyi yana rage hanzarin ƙwayoyin jijiya, galibi abin ya lafa cikin daƙiƙoƙi, majiyyaci yana nan a farke. Sai in hakan ya faskara ake ba da ɗan furofofol ko midazolam ta jijiya, a kuma tanadi kayan taimaka wa numfashi kusa da hannu.