Yadda Tsoka Ke Ɗaga Kaya

A jikin ɗan Adam akwai tsokoki fiye da 600 masu motsa gaɓoɓi, kuma dukansu aiki ɗaya suka iya, wato ja. Tsoka ba ta turawa. Duk motsin da muke yi, daga daka har zuwa sujada, ya dogara ne ga tsarin zarenta da haɗin kanta da 'yan uwanta.

Mu fara da gininta. Duk wanda ya ga ana dambun nama ya san yadda dafaffen nama ke warwarewa sili-sili. Kowane sili dami ne na zaruruwa masu yawa, kowane zare kuma doguwar ƙwayar halitta ce guda. Akwai tantani da ya naɗe kowane zare, ya naɗe kowane dami, ya lulluɓe tsokar baki ɗaya, sannan ya haɗe a ƙarshenta ya zama farar jijiya mai tauri da ke riƙe da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige.

Kwanciyar zaren ita ke raba wa tsoka aiki. Inda zaruruwa suka miƙe sambal, tsoka kan ja da nisa. Inda suka kwanta a karkace jikin jijiya kamar gashin tsuntsu, irin na kafaɗa, zare mai yawa ke shiga wuri kaɗan, sai ƙarfi ya ƙaru, nisan ja ya ragu. Na kewayen ido da na baki kuwa a zagaye suke, shi ya sa suke iya rufewa.

To, ga bokitin ruwa za ka ɗaga. Da farko ƙwaƙwalwa za ta aika saƙo ta laka zuwa tsokar gaban damtse. Isar saƙon ke da wuya sai sinadarin kalsiyam ya kwararo cikin zare. Daga nan furotin biyu, aktin da miyosin, su sarƙe: miyosin ya kama aktin ya ja, ya saki, ya sake kamawa gaba, har zaren ya taƙure. A 1954 ne Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, da kuma Hugh Huxley da Jean Hanson, suka nuna cewa zamewa cikin juna waɗannan furotin suke yi. Daga ƙarshe jijiya ta ja ƙashi, gwiwar hannu ta lanƙwashe.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsokar bayan damtse dole ta sassauta, na kafaɗa su kafe, na sangalin hannu su danƙe yatsu a jikin mariƙi, na ciki da na baya su tallafi ƙashin gadon baya. In ɗaya ta gaza, nauyinta kan sauran yake komawa.

Saboda haka, mai karatu, in za ka ɗaga kaya mai nauyi, ka durƙusa, ka jawo shi kusa da jikinka, ka miƙe da ƙarfin cinyoyi. Kada ka ɗora wa bayanka aikin da ba nasa ba.